Yadda Tsutsar Ƙudan Shawagi Ke Farautar Darɓa: Tsakanin Farantin Gwaji da Gona

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda tsutsotsin ƙudajen dangin Syrphidae masu cin ƙwari ke neman abincinsu, da yadda suke kamawa, da abin da ke iyakance cinsu. An fi jingina da binciken da aka yi a Turai da Japan da Amurka, musamman a kan nau'in Episyrphus balteatus. Hujjar da takardar ke kafawa ita ce yawan darɓar da tsutsa ke iya lanƙwamewa a ɗakin gwaji bai isa ya zama ma'aunin amfaninta ba. Tsutsar makauniya ce, tafiyarta gajera, jikinta ba ya jure bushewa, don haka inda uwarta ta ajiye ƙwai da lokacin da ta ajiye shi su ne ke yanke hukuncin abin da za ta ci. An kuma duba abin da wannan ke nufi ga gonakin wake da gyaɗa na ƙasar Hausa.

Gabatarwa

Ƙudan shawagi shi ne wannan ƙuda mai zanen rawaya da baƙi da ake gani ya tsaya cik a iska a gaban fure, sannan ya fizge gefe guda. Mutane da yawa kan ɗauke shi rina ko zuma, alhali ba shi da ƙari, kuma fukafukansa biyu ne rak kamar na sauran ƙudaje. Danginsa sun kai kimanin nau'i 6,000 da aka sani a duniya. Manyan duk kusan abincinsu ɗaya ne, wato ruwan zaƙin fure da ƙurar fure. A wajen tsutsotsin ne aka rarrabu. Wasu a gurɓataccen ruwa suke rayuwa, wasu a ruɓaɓɓen itace, wasu a cikin albasar furanni, wajen kashi ɗaya cikin uku kuwa mafarauta ne. Daga cikin mafarautan akwai masu abinci na daban: Xanthandrus comtus na cin tsutsar malam-buɗe-littafi, Parasyrphus nigritarsis na cin ƙwai da 'ya'yan wasu ƙwarin ganye, Microdon kuma a gidan tururuwa take zama tana cin 'ya'yansu. Mafi rinjaye dai darɓa suke ci, wato ƙananan ƙwarin nan masu taushi da ke dandazo a kan toho suna tsotse ruwan shuka, su bar ganye yana danƙo. Rojo da abokan aikinsa sun tattara bayanan waɗannan mafarauta da abincinsu na duniya baki ɗaya a Alicante ta ƙasar Sifen a 2003. A kan masu cin darɓa wannan takarda za ta tsaya.

Neman abinci ba tare da ido ba

Tsutsar ba ta da ƙafa, ba ta da idon da ke ganin siffar abu, iyakarta ta bambance haske da duhu. Jikinta siriri ne ta wajen kai, ya yi faɗi ta baya, kuma a bayan ne bututun numfashinta yake. Idan ta girma sosai ba ta wuce santimita ɗaya da ɗan wani abu. Sau biyu take yin saɓa, ke nan matakai uku take bi kafin ta daskare ta zama kwanso mai siffar ɗigon ruwa, wanda daga cikinsa ƙuda zai fito.

Yadda take laluben abinci abin a tsaya a duba ne da kyau, domin daga nan duk sauran bayanin ya samo asali. Takan kafe bayanta a kan ganye, ta ɗaga gaban jikinta, ta miƙa shi, ta dangwala a dama, ta ɗago, ta dangwala a hagu, kamar yadda makaho ke yi da sandarsa a hanyar da bai sani ba. In ba ta taɓa komai ba sai ta ja jiki gaba kaɗan ta sake. Duk abin da ya wuce tsawon wuyan nan da take miƙawa, a wurinta babu shi. Ƙwaron darɓa na iya zama tazarar ƙwayar gero biyu daga gare ta, ta wuce shi ba ta sani ba.

Chandler ya nuna a 1969 cewa tafiyar ƙaramar tsutsa takan sauya da zarar ta yi karo da darɓa. Kafin karon takan yi ta tafiya gaba. Bayan karon sai ta rage sauri, ta yawaita juyi da dangwale a wuri guda. Wannan ɗabi'a ta dace da irin zaman darɓa, domin inda aka sami ɗaya to 'yan'uwanta na kusa. Rotheray da Martinat kuma sun nuna a 1984 cewa yunwa na canza salon neman Syrphus ribesii. Tsutsar da ta ƙoshi da wadda ta kwana da yunwa ba sa lalube iri ɗaya, kuma duk mai gwajin da bai daidaita yunwar tsutsotsinsa kafin ya fara ba, alƙalumansa ba za su kwatantu da na wani ba.

Ƙamshi na taimaka mata. Darɓa in an taɓa ta takan fitar da wani ruwa daga ƙananan bututu biyu da ke bayanta, a cikinsa akwai sinadarin gargaɗi mai suna (E)-β-farnesene, wanda Bowers da abokansa suka gano a 1972. Aikinsa shi ne ya sa 'yan'uwa su watse. Francis da abokan aikinsa na Gembloux a Beljiyam sun nuna a 2005 cewa wannan sinadari yana jawo tsutsar Episyrphus balteatus. Ihun neman tsira ke nan ya zama kiran mafarauci. Duk da haka ƙamshin kusantar da ita kawai yake yi, kamun kansa sai an taɓa.

Kamu da ci

Da bakinta ya sauka a kan darɓa sai ta shafa mata yawu mai danƙo, ta soke ta da ƙayoyin bakinta, sannan ta yi abin da ya fi ba ni sha'awa a duk lamarin: ta ɗaga ta sama cak, ta raba ta da ganyen. Darɓar tana ta wutsil-wutsil da ƙafafu a iska, babu abin kamawa. Wanda ya sa gilashin ƙara girma a kan Episyrphus balteatus zai ga ƙashin bakinta baƙi yana kai da komo a cikin jiki, domin fatarta garau take, kuma zai ga abin da aka tsotsa yana gangarawa cikin hanji. Darɓar tana motsewa a hankali har ta zama fanko. Sai tsutsar ta goge fankon a jikin ganye ta yar, ta koma lalube. Babbar tsutsa takan gama da ƙaramar darɓa cikin ɗan lokaci kaɗan, jaririya kuwa tana iya shafe sa'o'i a kan guda ɗaya.

Ɗagawar nan tana da amfani biyu. Na farko, darɓar ba ta da inda za ta dafa ta fizge. Na biyu, an nisantar da ita daga 'yan'uwanta, don haka shure-shurenta ba ya tayar da sauran nan take. Yawun kuma makami ne: idan tururuwa ko wani ƙwaro ya kawo mata hari, takan juyo da kai ta dalala masa shi, ya koma yana fama da ƙafafu da baki da suka manne.

Cin ba ɗaya yake ba a matakan uku. Na farko da na biyu 'yan kaɗan suke ci, mafi yawan abin da tsutsa za ta ci a rayuwarta a mataki na uku take cinye shi, cikin 'yan kwanakin ƙarshe. Galibi kuma da dare take aiki. Da rana takan lafe a ƙarƙashin ganye, ko a lungun da ganye ya haɗu da kara, ko ma ta sauka ƙasa, launinta kuma ya saje da wurin, kamar yadda Rotheray ya yi bayani a 1986. Wani abu da ya kamata mai bincike ya riƙe shi ne tsutsar ba ta yin kashi duk tsawon cin nan. Tana tara shi ne sai dab da za ta zama kwanso, sannan ta zubar da shi gaba ɗaya, baƙi wuluk mai sheƙi kamar an ɗiga kwalta a ganye. Ganin wannan tabo shaida ce cewa tsutsa ta ci ta ƙoshi ta gama girma a wurin, ko da ba a gan ta ba.

Zaɓin uwa

Halittar da ba ta gani, ba ta nisa, kuma yunwa ke saurin kashe jaririyarta, ba ta da ta-cewa kan inda za ta ci abinci. Uwa ce ke zaɓa mata. Macen takan yi shawagi a gaban shuka, ta sauka, ta ɗanɗana da ƙafafu da baki, ta ajiye farin ƙwai dogo mai tsawon kimanin milimita ɗaya a gefen dandazon darɓa ko a tsakiyarsa. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe. Tun 1968 Chandler ya nuna cewa nau'o'i sun bambanta a nan: wasu sai sun ga darɓa suke sakin ƙwai, wasu irin su Melanostoma da Platycheirus sukan ajiye ko a shukar da ba ta da darɓa, 'ya'yansu kuma sun fi jure yunwa da yawon nema.

Abin da ke jawo uwar ya haɗa da ruwan danƙon da darɓa ke fitarwa. Leroy da abokansa sun ba da rahoto a 2011 cewa wata ƙwayar bakteriya, Staphylococcus sciuri, da ke rayuwa a cikin wannan ruwa ita ce ke samar da wasu daga cikin ƙamshin da ke jawo Episyrphus balteatus su kuma sa ta yi ƙwai.

Sai dai macen ba babban dandazo take nema ba. Binciken Kan a Japan a shekarun 1980 ya nuna cewa ta fi son dandazo sabo mai ƙananan 'ya'ya, tana kauce wa wanda darɓa masu fukafukai suka fara yawa a cikinsa. Dalilin a fili yake in aka tuna da abin da aka faɗa a baya. Babban cin tsutsa sai bayan mako guda ko fiye da ajiye ƙwai yake zuwa. Dandazon da ya cika ya tumbatsa yau, kafin lokacin ya watse, masu fukafukai sun tashi, shukar ta gaji. Uwar tana lissafin abin da zai kasance ne a ranar da 'yarta za ta fi bukata. Scholz da Poehling kuma sun nuna a 2000 cewa takan rage ƙwai a inda wasu 'yan nau'inta suka riga ta. Wannan ma da dalili, domin tsutsar da ta rasa darɓa takan juya kan ƙwai da ƙananan 'yan'uwanta, kamar yadda Branquart da abokansa suka nuna a 1997.

A ganina nan ne amfanin ƙudan shawagi yake, kuma nan ne iyakarsa. Yana zuwa da wuri, lokacin da darɓa ba ta fi ƙarfin kowa ba. In kuwa an bari ta riga ta mamaye gona, ba shi ne zai share ta ba, domin macen ma ba ta son irin wannan wuri.

Ba kowace darɓa ke ciwuwa ba

Darɓar kabeji, Brevicoryne brassicae, tana tara sinadaran kariyar shukar da take sha a jikinta, tana kuma da nata sinadarin da ke mayar da su guba idan aka huda ta. Vanhaelen da abokansa sun nuna a 2002 cewa tsutsar Episyrphus balteatus ba ta girma da kyau a kan wannan darɓa idan daga shuka mai yawan sinadaran ta fito. Rawayar darɓar nan da ake gani a kan tumfafiya, Aphis nerii, ita ma tana ɗauke da gubar shukar. Wasu nau'o'in darɓa har sojoji gare su. Aoki ne ya fara bayyana haka a Japan a 1977, Foster kuma ya nuna a 1990 cewa sojojin Pemphigus spyrothecae na kashe ƙananan mafarauta, har da tsutsar ƙudan shawagi.

Sannan ga tururuwa, masu gadin darɓa saboda ruwan zaƙinta. Sukan kwashe ƙwai su kashe ƙananan tsutsotsi. Amma Lohman da abokansa sun gano a Amurka a 2006 cewa tsutsar Syrphus ribesii da ke cin darɓar Prociphilus tessellatus tana ɗauke da sinadaran fata masu kama da na darɓar, abin da ke ba ta damar zama a tsakiyar garken ba tare da masu gadi sun tanka ba. Tsakaninta da sauran masu cin darɓa kuwa girma ne ke raba gardama. Gwajin Hindayana da abokansa na 2001 ya nuna ƙwai da ƙananan tsutsotsi ne ke zama abincin wasu, babbar tsutsa kuma ita ke cin na ƙasa da ita.

Alƙaluman ci

Yawancin alƙaluman da ake yawo da su daga faranti suka fito. A sa tsutsa guda a rufaffen faranti, a zuba mata darɓa a kan ganye shimfiɗaɗɗe, washegari a ƙirga. Irin wannan gwaji kusan kullum yakan ba da siffa ta biyu cikin waɗanda Holling ya bayyana a 1959: ci na ƙaruwa da ƙaruwar abinci, sannan ya tsaya a wani mizani, domin kamu da tsotsa na cin lokaci. Sakamakon gaskiya ne, amma an cire duk wahalar da ta sa tsutsa ta zama abin da take. A faranti darɓa ba ta da inda za ta faɗo ta tsira, babu tururuwa, babu iska, babu reshen da za a bi a tarar ba komai a ƙarshensa.

Tenhumberg ta auna wannan a gonakin alkama na Jamus a 1995. Ta sami cewa iyakar abin da tsutsar Episyrphus balteatus ke ci a duk rayuwarta a yanayin gona darɓa 396 ne, kimanin rabin abin da ake samu a ɗakin gwaji, ta kuma danganta gibin da lokacin da nema ke ci. Rabin ma ba kaɗan ba ne idan aka tara. Wotton da abokansa sun yi amfani da na'urar rada a 2019 suka ƙiyasta cewa ƙudajen shawagi masu ƙaura da suka kai biliyan 4 na ratsa kudancin Birtaniya a shekara, 'ya'yansu kuma na cin darɓa wajen tiriliyan 6.

Duk da haka yawan ba shi ne ke ceton shuka ba, lokaci ne. Darɓa haihuwa take yi ba tare da namiji ba, 'yar kuma cikin kimanin mako guda ta fara tata haihuwar. A ɗauka, don misalin lissafi kawai, dandazo na ninkawa duk kwana uku. Guda 50 za su zama 400 a kwana tara, su zama 3,200 a kwana goma sha takwas. Tsutsa ɗaya da ta kai mataki na uku a kwana na tara ta isa ta karya wannan dandazo. In sai a kwana na goma sha takwas ta kai, ko takwas ne sai sun yi da gaske. Bambancin ranar da uwa ta iso ne, ranar kuma ta dogara da ko ta sami fure a kusa, domin kamar yadda Schneider ya bayyana a 1969, macen ba ta nunar da ƙwai sai ta ci ƙurar fure. Wannan ne ya sa manoman latas marasa amfani da maganin feshi a kwarin Salinas na Kalifoniya ke shuka furen Lobularia maritima a tsakanin kunyoyinsu, don maganin darɓar Nasonovia ribisnigri da ke shigewa can cikin kan latas inda feshi ba ya kaiwa amma tsutsa na kaiwa. Hickman da Wratten sun gwada makamancin haka da furen Phacelia a gefen gonakin alkama na Ingila a 1996.

Gonakin wake da gyaɗa

Episyrphus balteatus ƙudan Turai da Asiya ne. A Afirka akwai namu, irin su Ischiodon aegyptius da Paragus borbonicus, kuma suna cin Aphis craccivora, baƙar darɓar da ke kama wake tun yana ƙarami, musamman idan ruwa ya ɗauke, ta kuma yaɗa cutar nan da ke cukurkuɗa gyaɗa ta hana ta 'ya'ya. Annobar cutar a 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya. Ba na cewa tsutsa za ta hana irin wannan. Darɓa mai fukafukai ce ke kawo cutar daga waje, kuma kafin mafarauci ya iso ta riga ta soka bakinta. A nan irin da ke jure cutar, kamar waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, shi ne kan gaba. Abin da tsutsa ke iya yi shi ne ta hana dandazo cika har ya fitar da sababbin masu fukafukai da za su kai cutar kunya ta gaba.

Abin da ke damuna shi ne ɗabi'ar tsutsar ta sa ba a ganinta a lokacin da ake yanke shawara. Manomi ko malamin gona na zagaya gona da hantsi, ya ga darɓa a toho, tsutsa kuwa tana ɓoye. In ma ya gan ta, tsutsa ce a kan ganyen wake, kuma a idonsa duk tsutsa ɓarna take yi. Sai a ɗauko famfo a yi feshi da irin su lambda-cyhalothrin ko dimethoate, waɗanda ba sa bambance mai ci da wanda ake ci. Darɓar da ta tsira a ƙarƙashin naɗaɗɗen ganye za ta farfaɗo cikin mako guda. Mafarauciyar kuwa sai wata uwa ta sake zuwa, ta yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, a yi saɓa biyu.

Alƙaluman Jamus ba za su yi mana aiki kai tsaye ba. Zafin Kano ko Maraɗi na gaggauta girman darɓa da na tsutsa duka, busasshiyar iskar hunturu a gonakin rani kuma ta fi cutar da mai taushin jiki marar abin kariya. Shawarata ga ɗalibai da masu bincike ita ce a auna cin a kan shukar wake tsayayya cikin keji a gona, a yi ƙirga da fitila bayan magariba da kuma kafin raɓa ta bushe, a rubuta ko akwai tururuwa a shukar, a ƙirga baƙaƙen tabon kashin tare da tsutsotsin. A kuma lura da abin da ke fure a gefen gona mako biyu kafin darɓa ta bayyana, tun kafin a nome shi. Sannan a tattara kwansuna a ajiye a kwalba mai rufin yadi a ga abin da zai fito, domin akwai wani ɗan zanzaro, Diplazon laetatorius, da ya bazu a kusan duk duniya, wanda ke saka ƙwansa a cikin ƙwai ko ƙaramar tsutsar ƙudan shawagi. Tsutsar za ta ci darɓarta har ta gama, amma daga kwanson zanzaro ne zai fito. Ko a fankon kwanso ana iya ganewa: ƙuda kan ɓalle murfin gaba ya fita, zanzaro kuwa rami yake gagara da bakinsa. Yawan kwansuna masu ramin shi zai nuna iyayen da gonar za ta rasa a zagaye na gaba.